Hawayen Fenti

A gidanmu abu uku ne ba a taɓawa: rediyon Baba, tabaransa, da makullin motarsa. Rediyon da tabaran, in ka taɓa, faɗa kawai za ka sha. Makullin kuwa ba wanda ya san hukuncinsa, don ba wanda ya taɓa gwadawa. Ni na fara.

Motar ba wata ta a zo a gani ba ce. Tsohuwar Toyota Corolla ce fara, irin waɗanda suka gama yawonsu a Turai aka sauke su tashar Kwatano. Amma Baba sai da ya shekara sama da 30 yana cin ƙurar alli kafin ya saye ta. Duk unguwa Mushe ake ce masa, motar kuma "ta Mushe". Kowace Juma'a da safe shi ke wanke ta da kansa, da bokiti biyu da tsohuwar rigar shan iska, ba ya yarda yaro ya sa mata hannu. In ya gama ya ja baya ya tsaya yana kallonta, kamar yadda yake kallon allo in ya gama rubuta darasi.

Bara, cikin watan Sha'aban, saura kwana 12 a ɗaura auren yayata, Baba ya hau kar zuwa Yamai neman wasu takardun fansho. Daga Maraɗi tafiyar sama da kilomita 600 ce, ya ce zai yi mako guda. Kafin ya fita ya rufe motar da bash, ya ce da ita za a kai amarya Tibiri, kada kowa ya jingina mata ko keke. Na ce to. Na kuma ga inda ya aje makullin.

Ƴan'uwana ɗalibai, kun san yadda fada take. Ana zaune ana jiran shayi na biyu, wani ya ce kai da mota a gidanku kullum kana bisa kabu-kabu. Aka yi dariya. Ni ba ni da parmi, iyakar tuƙina abin da na koya a filin ƙwallo da motar wani abokina. Amma dariyar nan ta bi ni har gida. Ranar Asabar da la'asar, Inna da su yaya sun tafi wajen tela, na yaye bash ɗin na fita. Niyyata in wuce gaban fada sau ɗaya, in danna oda, in koma.

Ban kai fadar ba. A wani lungu bayan babbar kasuwa na gamu da amalanken jaki ɗauke da jarkokin ruwa. Hanya ta ishe mu mu biyu da na iya, amma na matsa da wuri. Na ji ƙara, ƙiiii, irin ta ƙusa bisa kwano, na ji ta har cikin haƙorana. Jarka biyu suka faɗo, ɗaya ta fashe. Na fito ina zage-zage, na ɗora wa yaron amalanken laifi, yaron da bai wuce shekara 13 ba. Bai ce mini komai ba, ya duƙa yana tattara kayansa. Ni kuma na duba ƙofar baya ta dama. Ƙarfen gefen amalanken ya ja mata layi tun daga tsakiya har kusa da ƙafa, tsawon kamu guda, ga lotsawa kamar tafin hannu, a tsakiyarta ƙarfe tsirara yana ƙyalli.

Na mai da mota gida na rufe. Daren nan abinci bai shiga ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as: ko Inna ta ambaci sunan Baba sai gabana ya faɗi. Na kwana ina kashe forfe a YouTube, ina kallon Turawa suna gyara ƙarzuwar mota cikin minti 5. Wani ya shafa man goge baki, layi ya ɓace. Da asuba na gwada da nawa. Ƙofar ta yi ƙamshin na'ana'a, layin yana nan. Daga baya na gane dalili: man goge baki yana ɗan cin saman fenti ne kawai, yana iya dusashe ƙarzuwar da ba ta yi zurfi ba. In ka ja farce a kan layi ya maƙale, to ya wuce nan. Nawa ba farce ba, har ɗan yatsa yana faɗawa.

Sai na koma dabara ta biyu. Na je shagon kayan gini na sayi gwangwanin fenti na fesawa, wanda muke ce wa bom, fari, jika 1 da rabi. Mai shago ya tambaye ni wane irin fari. Na ce fari ai fari ne. Ya yi murmushi ya miƙo mini.

Bari in lissafa muku abin da na yi, don duk kuskuren da ake iya yi da gwangwani guda na yi shi. Na jira tsakar rana, lokacin da gida ba kowa, na turo motar cikin rana don in ga aiki sosai, ƙarfen ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Ban wanke wurin ba, na dai share ƙura da tsumman da Baba ke goge dashbod, mai maiƙo. Ban goge da takarda ba, ban rufe gilashi ko hannun ƙofa ba. Na girgiza gwangwanin sau uku, na kai bakinsa dab da ƙofa, na danna na tsaya wuri ɗaya ina jira layin ya cika. Ya cika kuwa. Sannan fentin ya fara gangarowa, layi-layi, har ƙasan ƙofa. Inda maiƙo yake ya ƙi kamawa, ya yi ƴan ramuka kamar idon kifi. Gefe-gefe, inda feshin ya bushe tun bai sauka ba, ya yi kaushi kamar bangon da aka yi wa yaɓen siminti. Iskar hunturu ta kawo nata gudummawar, ƙura ta manne. Launin kuma, Allah Sarki. Motar Baba farinta ya ja zuwa ruwan madara saboda rana da shekaru, nawa fari ne fat irin na firiji. Lotsawar da a da sai ka matso kake ganinta, yanzu daga bakin ƙofar gida take kiranka.

Tsoro ya sa na ɗebo fetur a tsumma na hau gogewa. Ya dama sabon fentin ya shafe shi ko'ina, ya dusashe tsohon da ke kewaye. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ina tsugune a nan Inna ta shigo. Ta daɗe tana kallon ƙofar, ta kalle ni, ta ce: "Ba ni za ni gaya mishi ba. Ba ni kuma za ni ɓoye mishi ba in ya tambaya." Ta shige ɗaki.

Litinin da safe na roƙi wani maƙwabcinmu direban taksi ya ja motar zuwa garejin masu gyaran jiki da fenti da ke wajen hanyar Ɗan Isa. Fili ne da rumfar kwano, da gawarwakin motoci, da wani ɗaki da aka kewaye da bash. Ƙarar guduma ko ta ina, yara sun yi fari fat da ƙura kamar sun fito daga injin niƙa. Maigidan wurin dattijo ne siriri, farcensa kowanne da launinsa. Bai dubi fuskata ba, ƙofar ya nufa. Ya rufe ido ya shafa ta da tafin hannu, sama da ƙasa.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na ce wani yaro ne.

"To ka gaya ma yaron fentinshi ya yi kuka. Ka ga hawaye nan. Da ya bar ta yadda amalanke ta bar ta, jika 25 ne. Yanzu sai mun kankare haukarshi tukuna, jika 35."

Ban ce masa amalanke ba ce. Tsayin layin daga ƙasa ya gaya masa. Jika 14 ke gare ni, ragowar kuɗin burs da nake tarawa in ɗinka kayan biki. Na fara magiya: Baba, ka taimake ni, ko sama-sama ne a rufe, kafin ranar Asabar. Sai ya zagaya gaban motar ya dubi lamba.

"Wagga ba ta Mushe ba ce? Shi ya koya ma ɗiyana biyu karatu. Ya san ta zo nan?"

Na yi shiru.

"Yaro, ni gyara nike yi, ba rufa-rufa ba. Ban taɓa motar mutum bai sani ba. Kira shi. In ya ce a yi, ka biya kuɗin kaya, ladan hannu kuma ka biya da hannunka. Kana da lakca da safe?"

Na ce sai da yamma a makon nan. Ya ce to ya yi daidai.

Na taɓa tsayawa gaban allon sakamakon bak ina neman sunana, amma ƙafata ba ta yi rawar da ta yi ba lokacin da wayar Baba ke ƙara. Na koma bayan wata matacciyar Hiace na faɗa masa komai a numfashi ɗaya, har da bom ɗin. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Sannan ya ce: "An ji ma wani?" Na ce a'a. "Jakin fa?" Na ce lafiya lau. "Jarkar da ta fashe, wa ya biya?" Ban da amsa. Ya ce in ba maigida wayar. Suka yi magana minti biyu, na ji maigida yana cewa "to Mushe, in sha Allah." Ya miƙo mini waya da wata takarda mai kaushi kamar tsakuwa. Ya ce: "Lamba 80. Bisimilla."

Kwana huɗu na yi a garejin nan, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fesa fentin kansa bai kai minti 40 ba. Duk sauran lokacin a ƙarƙashinsa ya tafi.

Ranar farko babban yaron shagon ya cire kwalin cikin ƙofa don a samu hanyar bayan ƙarfen. Maigida ya sa wani dunƙulen ƙarfe mai santsi ta ciki, yana bugun waje da ƙaramar guduma, a hankali, tas, tas, tas. Bai fara da tsakiyar lotsawar ba, daga gefe ya faro yana zagayowa. Na tambaye shi dalili. Ya ce ƙarfe ya san inda ya fito, in ka saki inda ya ɗaure sai ya nemi komawa da kansa. In ka daki tsakiya da ƙarfi sai ya miƙe ya yi tumbi, ka shiga sabon aiki. Da ya gama ni kuma na hau kankare haukata da lamba 80, har ƙarfe ya fito fes, faɗin ya wuce inda ya lotsa da kamar yatsu huɗu ko ta ina.

A gefen wurin da na goge ya nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Fentin ya fito hawa-hawa kamar zoben albasa: ƙarfe, sai wani siririn layi mai duhu na maganin tsatsa, sai toka-toka wanda suke ce wa apre, sai farin. Ya ce motoci masu ruwan azurfa da sauran masu walƙiya suna da hawa na ƙarshe, berni, mai kama da ruwa, shi ke ba su ƙyalli. Irin farin tamu kuwa launi da ƙyallin a haɗe suke. Duk hawan nan in ka tara su kaurinsu bai fi na takardar da kuke karanta wannan rubutu a kai ba, wajen kashi ɗaya cikin 10 na milimita. Abu mai wannan sirantaka ba ya cike rami. Bin jikin abin da ya tarar yake yi, in tudu tudu, in kwari kwari, ƙyallinsa kuma ya ƙara nuna su. Abin da ban sani ba kenan ranar da na tsaya da gwangwani ina jira layi ya cika.

Rana ta biyu ta mastik ce. Wani abu ne kamar ƙullu mai kauri, ana ɗiga masa ɗan jan man da ke sa shi daskarewa, kaɗan ƙwarai, kashi 2 ko 3 cikin 100. Da an cuɗa su agogo ya fara: cikin minti 5 ya kama, da zafin rana ma bai kai haka ba. Maigida ya shafa shi da faifan ƙarfe, siriri, sau biyu ya ja hannu ya bari. Ya ce masu gaggawa ba sa wahalar da kansu da guduma, sai su cika rami da mastik kamar masu yaɓen ɗaki. Mota ta fita tana ƙyalli, mai ita ya yi murna, bayan wata shida rana ta buga, ramukan hanya su girgiza, ya tsage, ruwan damina ya shiga ƙarƙashi, tsatsa ta ci ƙarfen a ɓoye. Mastik na gaskiya, in ji shi, ba ya wuce kaurin kwabo.

Bayan rabin awa ya bushe, aka ba ni katako mai faɗi aka naɗa masa takarda. Da na fara gogewa da yatsu ya buge mini hannu: yatsu suna bin rami, katako ne ke daidaita shi. Daga 80 muka koma 180, daga nan 320. Lambar tana hawa, takardar tana laushi, kowace tana goge sawun wadda ta gabace ta. In ka tsallake ɗaya, sawun zai fito a cikin fenti ko bayan mako ne. Sau uku ina cewa na gama, sau uku yana rufe ido ya shafa ya ce da saura. A na huɗu ya ɗauko baƙin bom ya yi wa wurin feshi sama-sama kamar yayyafi, ya ce in goge da katako. Na goge. Ko'ina ya fita sai wurare biyu da baƙin ya zauna, ƙananan kwari da idona bai gani ba. Aka ƙara mastik, aka koma.

Da azahar yatsuna sun yi sulɓi, wayata ta daina gane zanen babban yatsana. Yaran garejin suna ta yi mini dariya, suna ce mini ɗan boko. Ɗaya daga cikinsu, sa'an ƙanena, shekararsa 4 a wurin, har yanzu ba a ba shi bindigar feshi ya riƙe a kan motar mutane ba. Ni da na ɗauka minti 5 na bidiyo sun ishe ni.

Rana ta uku aka fesa apre, ya bushe, na goge shi da ruwa da lamba 600, sannan 800, har ya yi santsi kamar cikin kwano. Sai maganar launi. Maigida ya nuna mini wani ɗan faranti a jikin motar mai lambobi, ya sa yatsa a kan 040. Ya ce wannan ce lambar farin Toyota, amma lambar tana gaya maka yadda motar take ranar da ta fito daga masana'anta ne, ba yadda ranar Maraɗi ta mai da ita ba. Ya kwance marfin tankin mai, ya wanke shi, ya sa a aljihu, muka hau babur zuwa wajen mai haɗa fenti. A can na ga ana ɗiga rawaya da ɗan baƙi cikin fari, ɗigo-ɗigo da tsinke, a shafa a gefen marfin, a fita rana a duba, a jira ya sha iska don launi yana canzawa in ya bushe, a koma a ƙara. Sau biyar. Na tuna amsar da na ba mai shago, fari ai fari ne, kunya ta kama ni ni kaɗai.

Ya kuma ce ƙofar gaba ɗaya za a fesa, daga gefe zuwa gefe, ba wurin ciwon kawai ba, don faci a tsakiyar ƙofa ko ya dace yau gobe sai bakinsa ya nuna. Aka ce in kawo takardun rufe gilashi da sauran jikin motar. Na kwaso kwafin darussan shekarar farko da ke jibge ƙarƙashin gadona. Aka manne su da sikoc ko ta ina. Wannan ne karo na farko da darasin lissafin nan ya yi mini amfanin da na gani da idona.

Ranar Alhamis ya ce in zo bayan sallar asuba. Lokacin iska ba ta tashi ba, ƙarfe da sanyinsa. Muka tura motar cikin ɗakin bash, yara suka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ya goge ƙofar da tsumma mai tsabta da ruwan cire maiƙo, ya hana kowa taɓa ta. Ya auna fenti kashi 2, ruwan da ke sa shi ƙarfi kashi 1, ya ɗan sassauta da diliyan, wanda ƴan Najeriya ke ce wa tina, ya tace da ƙyalle. Kwampireso ya tashi. Ya riƙe bindigar nesa da ƙofa kamar taƙi guda, hannunsa yana tafiya tun kafin ya danna, ba ya saki sai ya wuce gefe, kowane layi yana hawa rabin na samansa. Shafin farko siriri ne har ana hango apre. Na ce Baba bai rufe ba. Ya ce: "Kai ka so ka rufe a tashi ɗaya, ka ga abin da ka samu." Ya jira minti 10, ya yi na biyu. Ya sake jira, ya yi na uku. A na ukun ne na ga fuskata ta fito a jikin ƙofar.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai a ɗakin nan, ba zan tsallake shi ba. Maigida ƙyalle kawai ya ɗaura a hanci, yaran ko shi babu. Da aka gama aka aiki ƙarami ya sayo madara, wai tana wanke ƙirji. Ba ta wankewa. Madara ciki take zuwa, tururin fenti huhu yake shiga, kuma ruwan nan da ke sa fenti ƙarfi yana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma. Abin da ke rage haɗarin shi ne abin rufe hanci na roba mai matatar gawayi, da wurin da iska ke fita. Na faɗa masa haka, da ladabi. Ya yi tari ya ce ya sani, ya tambaye ni ko na san kuɗinsa. Ban sake cewa komai ba. Mu da muke son motocinmu su yi ƙyalli da araha, ya kamata mu san da ƙirjin wa ake cike ragowar kuɗin.

Muna jiran fenti ya sha iska, ya ciro wani ɗan maganaɗisu na tsohuwar lasifika, ya naɗe shi a ƙyalle. Ya ce bari in koya maka abin da za ka yi in za ka sayi mota. Ya ɗora shi a ƙofar gaba, ya kama. A bisa kapo, ya kama. Ya kai shi gefen gaba na hagu, saman ƙafa, sai ya sulluɓe. Ya ce duk inda bai kama da ƙarfi ba akwai mastik a ƙasa. Na ce ashe a Turai ma ta taɓa bugawa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wace Turai? Ginshiƙin ƙofar gidanku ne. Satin da Mushe ya saye ta. Ni na gyara. Amma shi da ƙafarshi ya zo, ya ce ga abin da ni yi."

Shekara nawa ina wucewa ta gefen nan, ban taɓa ganin alama ba.

Baba ya dawo ranar Asabar da dare. Bai ce mini komai ba. Da safe ya yaye bash, ya sa tabarau, ya tsuguna gefen ƙofar yana kallonta ta kaikaice, yadda haske ke kwanciya. Ya daɗe. Sannan ya nuna wani ɗan ƙwayar ƙura da ya manne can ƙasa, wanda ni da maigida muka san da shi, muka bar shi sai fenti ya ƙara ƙarfi a goge da lamba 2000. Ya ce: "Aikin ya yi. Nuna mini hannunka." Na nuna. Ya juya su, ya ga yadda suka yi. Ya ce saura ɗaya. Na san wanne.

Kwana biyu na yi ina zagaya famfunan bayan kasuwa kafin in sami yaron amalanken. Da ya gan ni ya ja jakinsa zai kauce. Na ba shi sabuwar jarka, na ce laifina ne, ya yi haƙuri. Ya karɓa ya ce ba komai. Wannan gyaran bai ci ko jika 2 ba, amma ya fi goge mastik wuya.

Ba ina cewa kada ku taɓa gyara abinku da kanku ba. Da yawanmu muna da babur, wasu suna jan motar gida. In ƙarzuwa ce ta sama wadda farce ba ya maƙalewa, ku wanke, ku shafa man goge fenti da tsumma mai laushi, a inuwa, za ta dusashe. In ɗan ɓantare ne kamar ƙwayar gero da tsakuwa ta yi, ku tsabtace shi ku ɗiga fenti da tsinken ashana kafin damina, don tsatsa ba ta jira. In ma bom ɗin za ku yi amfani da shi a kan wani ƙaramin abu, ku goge da takarda, ku cire maiƙo, ku girgiza shi minti 2 cur, ku ja baya taƙi guda, ku yi shafi siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya. Amma in ƙarfe ya lotsa, ko wurin ya fi tafin hannu, ku kai wa masu shi, ku kuma tambaye su da guduma za su fara ko da mastik. In abin ba naku ba ne, kafin duk wannan ku kira mai shi. Ni jika 10 da kwana biyu na rashin barci na biya kafin in koyi wannan, ku na ba ku kyauta.

Ranar kai amarya ban sa sabon kaya ba, kuɗinsu ya tafi a fenti. Tsohuwar shaddata ta sallar bara na goge. Maigida ya gargaɗe ni cewa fentin bai gama ƙarfi ba, kada a manna masa komai. Don haka lokacin da ƙawayen amarya suka fito da ribom da sikoc suna ƙawata mota, ni na tsaya jikin ƙofar baya ta dama kamar soja, na ce ko'ina ku manna ban da nan. Suka yi ta tsiya, wai ko ni zan aure ta. Da aka fito da yaya a lulluɓe tana kuka, ni na buɗe mata ƙofar. Baba ya ba direba makulli, ya dube ni ya ce in biki ya wuce in je in yi rajistar koyon tuƙi, shi zai biya rabi.

Ƙwayar ƙurar nan har yau ba mu goge ta ba. Ranar Juma'a, in muna wanke motar, shi da bokiti ɗaya ni da ɗaya, hannuna yana jin ta duk lokacin da na wuce wurin.